Hoya: Baƙuwar Shuka Mai Dangi a Giyawa

Duk wanda ya tashi a Giyawa, ko a wani gari na ƙasar Goronyo da Wurno da Rabah, ya san tumfafiya, ya san yaɗiya, ya kuma san fataka. Tumfafiya ce muke fasa 'ya'yanta muna yara, mu hura audugar ciki iska ta tafi da ita. Yaɗiya ce iyayenmu mata ke kwaɗawa da ƙuli-ƙuli idan rumbu ya fara nisa. Fataka kuwa majema ne suka san darajarta, domin da ita ake tuge gashin fata. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, waɗannan tsirrai na bakin hanya suna da wata 'yar'uwa a gabashin duniya, wadda ake sayarwa da tsada a shagunan furanni na Turai da Amurka, ana rataye ta a ɗakuna don ado. Sunanta hoya. Na daɗe ina ambatonta ga ɗalibaina a lacca, amma ban san ta sani na haƙiƙa ba sai da jinyar wata tsohuwa daga cikinsu ta faɗo hannuna.

Malamin da ya fara koya mini kimiyya a firamare, Allah ya jiƙansa, yana da wata shuka a barandar ɗakinsa, cikin tukunyar ƙasa, ta nannaɗe jikin wata waya da ya ɗaura mata. Ganyenta kauri gare shi da sheƙi, har mukan faki idonsa mu latsa mu ji ko na roba ne. Ya ce mana daga Jos ya zo da reshenta lokacin da ya je wani kwas. Ta fi shekara talatin a wannan baranda. Da ciwo ya kwantar da shi, daga baya kuma ya rasu, sai aka kawar da tukunyar zuwa bayan rumfar albasa don a sami wurin zaman makoki, kuma can aka manta da ita. Fiye da shekara ɗaya bayan haka na je gaida mai ɗakinsa, na tambayi shukar. Aka jawo mini ita duk ƙura, ganyen da ya rage bai kai ashirin ba, kowanne ya yanƙwane kamar tsohuwar fata.

"Ɗana, mi za ka yi da wanga icce?" in ji tsohuwar. "Ai ya mutu tun bara."

Na ce, "Inna, a ba ni shi dai in gwada."

Na sa farce na ɗan kankare bayan karan. Daga cikin kara uku, ɗaya ya bushe ƙayau har ciki. Biyu kuwa da na kankare sai ga kore shar a ƙarƙashin ɓawon. Wannan shi ne gwajin farko da ya kamata kowane ɗalibi ya sani kafin ya yanke wa wata shuka hukuncin mutuwa, domin koren nan alama ce cewa ƙwayoyin halittar da ke tsakanin ɓawo da itace suna nan da rai.

Asalinta da danginta

Hoya ba shukar Afirka ba ce. Gidanta dazuzzukan kudanci da gabashin Asiya ne, daga Indiya da kudancin Sin zuwa Filifin da Indunusiya, har arewacin Ostireliya, kuma an san fiye da iri 500 nata. Wani masanin tsirrai ɗan Sikotilan mai suna Robert Brown ne ya raɗa mata suna a 1810, don girmama Thomas Hoy, mai kula da lambun wani basarake a kusa da Landan. Ɗaliban kimiyyar lissafin motsi za su tuna da Brown, domin shi ne ya lura da rawar da ƙananan ƙwayoyi ke yi a cikin ruwa a 1827, kuma shi ya ba cibiyar ƙwayar halitta sunan da ake kiranta da shi har yau. Irin da Malam ya bari shi ne Hoya carnosa, wanda ya fi kowanne yaɗuwa a gidaje. Turawa na yi mata laƙabi da shukar kaki, saboda furenta kamar da kakin zuma aka sassaƙa shi.

Tsofaffin littattafan da ke ɗakunan karatun makarantunmu sun sa hoya da tumfafiya da yaɗiya da fataka da karan masallaci a dangin Asclepiadaceae. Malamai su lura, wannan ya canja. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa dangin nan reshe ne kawai a cikin wani babban dangi, Apocynaceae, kuma tun 1998 aka haɗe su. A wannan babban gida mai iri wajen 5,000 ne kariya take, wadda ake dasawa a shinge a ƙauyukanmu, ita ma kuma Turawa sun mayar da ita shukar ado.

A dajin da ta fito, hoya takan hau jikin manyan itatuwa ko duwatsu, ta kafa saiwoyinta a cikin ruɓaɓɓen ganye da ɓawon da suka taru a tsagogi. Kada mai karatu ya ɗauka irin zaman kauci take yi. Kauci yakan huda reshen da ya hau ya sha ruwa da gishirin abinci daga jikinsa, hoya kuwa wurin zama kaɗai take nema, abincinta ita ke haɗa kayanta. Daga wannan irin zama ne duk halayenta suka samo asali: saiwar da ta saba da iska, ganyen da ke ajiyar ruwa, da son haske mai ratsowa ta tsakanin ganyaye.

Dalilin da ya sa ba ta mutu ba

Tambayar da ta fi damuna a hanyar komawa Sakkwato ita ce, yaya shukar dajin ruwa ta tsallake hunturu da bazara a Giyawa, inda zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu, ba tare da an ba ta ko moɗa ɗaya ba? Da barkono ne ko tumatir a wannan tukunya, mako biyu ya ishe su.

Amsar tana cikin yadda take shaƙar iska. A jikin ganye akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ana kiransu sitomata. Ta nan iskar kabon-dayoksaid ke shiga don a haɗa abinci da hasken rana, ta nan kuma ruwa ke fita ya bi iska. Yawancin tsirrai da rana suke buɗe ƙofofin, watau daidai lokacin da zafi ya fi zuƙe ruwa. Shinkafa da alkama da wake da albasa sukan yi asarar ruwa giram 400 zuwa 500 kafin su kama giram ɗaya na kabon-dayoksaid. Gero da dawa da masara sun fi su tattali, nasu giram 250 zuwa 300 ne, shi ya sa gero ke rufa wa manomin tudu asiri a shekarar ƙarancin ruwa. Hoya da abarba da zabuwa kuwa sun juya al'amarin. Da dare suke buɗe ƙofofinsu, lokacin da gari ya yi sanyi, su kama iskar su mayar da ita wani sinadari mai tsami da ake kira asid malik, su tara shi a cikin ƙwayoyin ganye. Idan gari ya waye sai su rufe ƙofofin, su warware sinadarin a hankali, su yi aiki da iskar da ta fito daga cikinsa. Da wannan dabara asararsu ba ta wuce giram 50 zuwa 100 ba. Masana na taƙaita sunan tsarin da haruffa uku, CAM. Tun a 1815 aka buga rahoton wani likita mai suna Benjamin Heyne da ke aiki a Indiya, wanda ya ɗanɗana ganyen wata shuka mai kauri ya ji tsami da safe, ya kuma ji tsamin ya gushe da rana ta yi. An ɗauki fiye da ƙarni kafin a gane abin da harshensa ya gaya masa.

Akwai mataki na gaba, kuma shi ya ceci shukar Malam. A 1983 masana biyu a Jami'ar Kalifoniya, Rayder da Ting, sun buga sakamakon gwajin da suka yi da Hoya carnosa ɗin nan. Sun nuna cewa idan ƙishirwa ta yi mata tsanani sai ta rufe ƙofofinta dare da rana. Iskar da numfashin ƙwayoyinta ke fitarwa ita take sake kamawa da dare, ta yi aiki da ita da rana, haka ake ta juyawa a cikin ganyen. Ba ta girma ko kaɗan a wannan hali, amma injinta bai mutu ba, kuma da zarar ta sami ruwa sai ta koma aiki cikin ɗan lokaci. Kamar magidanci ne da ya kulle rumbu a shekarar fari, ana auna tsaba da tafin hannu.

Malamin da ke da takardar auna tsami a makarantarsa zai iya nuna wa ɗalibai wannan da zabuwa, wadda 'yan zamani ke kira alobera. A yanki ganye da asuba, a fere koren bayansa ban da yauƙin ciki, a daka da ɗan ruwa mai tsabta, a tsoma takardar. A maimaita da la'asar da ganyen shukar nan dai, da awon ruwa iri ɗaya. Na asuba zai fi tsami. Kada dai a kwaikwayi Heyne a sa a baki, musamman ga dangin tumfafiya da kariya, domin ruwan jikinsu na ɗauke da dafin da ke taɓa zuciya.

Jinya

Abin da zuciya ke raya wa mutum idan ya ga shuka a wannan hali shi ne ya kwarara mata ruwa ya zuba taki. Duka biyun kisa ne. Saiwa ma numfashi take yi, tana bukatar iskar oksijin da ke cikin ƙofofin ƙasa. Idan ruwa ya cike ƙofofin ya zauna, saiwa takan shaƙe, sa'an nan ƙwayoyin ruɓa irin su Pythium su far mata. Mutanenmu sun ga wannan da idonsu a ambaliyar 2010, lokacin da ruwan Rima ya mamaye gonaki a ƙasar Goronyo da Wurno: gero da dawa da suka kwana biyu tsaye cikin ruwa sun yi rawaya sun mutu. Shinkafa kuwa takan jure zama cikin ruwa, muddin kanta na waje, saboda tana da hanyoyin iska a cikin kara har zuwa saiwa. Hoya ba ta da su. Taki kuma gishiri ne. Idan ya yi yawa a ƙasa sai ya janyo ruwa daga saiwa maimakon saiwa ta janyo daga ƙasa, kamar yadda yankakkiyar albasa ke tsatsafo da ruwa in an barbaɗa mata gishiri.

Saboda haka abin da na fara yi shi ne ajiyar iri, don ko uwar ta ƙi tashi kada zuriyar ta yanke. Na yanki rassa huɗu, kowanne da gaɓa biyu da ganye ɗaya ko biyu, na soka gaɓar ƙasa a cikin yashi mai danshi, na kifa farar leda a kai, na ajiye a inuwa. Gaɓar ce muhimmiya, domin a nan idon toho yake, a kusa da nan ne kuma sababbin saiwoyi suka fi saurin fitowa. Akwai wata hoya mai ganye kamar zanen zuciya, Hoya kerrii, wadda 'yan kasuwa a Turai ke sayar da ganyenta guda ɗaya a ƙaramar tukunya. Ganyen yakan yi saiwa ya rayu shekaru, amma yawanci ba ya ƙara ko reshe ɗaya, don an yanko shi ba tare da gaɓa ba. Cikin rassana huɗu, uku sun kama bayan mako biyar.

Daga nan na koma kan uwar. Ƙasar tukunyar lakar fadama ce, ta daskare kamar tubali, ga farin gishiri ya yi mata rawani a baki saboda shekarun da aka yi ana ba ta ruwan rijiya. Dole na fasa tukunyar, kuma ban ji daɗin haka ba, don tukunyar Malam ce. Na jiƙa dunƙulen na rabin sa'a, na warware saiwoyin da yatsa. Matacciyar saiwa ba ta da wuyar ganewa: in ka ja ta sai rigarta ta zame, ta bar wani siririn zare. Mai rai fara ce ko ruwan ƙasa-ƙasa, da ƙarfinta. Na yanke matattun da reza da na goge da sifirit, abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin uku ba.

Littattafan Turai za su ce a nemo ɓawon itacen fir da wasu duwatsu masu sauƙi da ba mu da su. Ba a bukatarsu. Abin da ake nema shi ne haɗin da ruwa zai ratsa ya wuce, ya bar danshi da iska. Na haɗa dakakken gawayi mai girman gyaɗa, da tsingaro, da yashi mai tsakuwa, da ɓuntun shinkafa wanda ya kwana biyu, da ɗan ruɓaɓɓen ganye daga gindin itace. Tukunyar ƙasa na sa, mai huda a gindi, ƙarama daidai saiwar da ta rage. Babbar tukunya takan riƙe ruwan da saiwa ba ta iya shanyewa, ga shi kuma hoya ta fi yin fure idan wuri ya ɗan matse ta.

A nan ne na yi kuskuren da nake jin kunyar faɗa. Da na gama dashen sai na ajiye ta a barandar gidana mai duban yamma, cikin watan Maris, wai don ta sami haske. Kwana biyu kacal ganye shida suka ƙone, suka yi fari kamar an ɗora musu dutsen guga, kara ɗaya kuma ya bi su. Ni da nake koyar da cewa fitar ruwa ta ƙofofin ganye ita ke sanyaya shi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa, na manta cewa shukar da ta rufe ƙofofinta da rana ba ta da wannan gata. Na mayar da ita gefen gabas, ƙarƙashin dogon yaro, inda rana ke taɓa ta daga fitowa zuwa hantsi kawai. Don saiwar ta sami sanyi sai na ari dabarar marigayi Mohammed Bah Abba, malamin nan na Jigawa da ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda tukunya cikin tukunya ta adana kayan miya. Na zura tukunyar a cikin wata babba, na cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, na bar hudar gindi a buɗe.

Ban ruwa kuwa ba shi da ranar da aka yanka masa. Nakan soka tsinke har gindin tukunya, in ya fito a bushe in zuba ruwa sosai har ya zubo ta ƙasa, in ya fito da danshi in ƙyale ta. Da bazara abin kan zo kwana huɗu-huɗu, da sanyin hunturu kuwa har kwana goma. Ruwan sama ya fi na rijiya, don haka nakan tara shi da damina. Taki ban ba ta ba sai da na ga sabon toho, shi ma ɗan kaɗan a narke cikin ruwa mai yawa.

Wata na biyu sai ga wasu fararen ƙwari kamar ɗigon auduga a hammatar ganye, kiyashi na ta zirga-zirga a kansu. Ƙwarin suna tsotson ruwan shuka ne su fitar da zaƙi, kiyashi kuma na kiwonsu don zaƙin, kamar makiyayi da shanunsa. Danginsu ne suka kusa gamawa da rogon Afirka bayan 1973, har sai da Cibiyar Binciken Noma ta Ƙasa da Ƙasa da ke Ibadan, a wani shiri da Hans Herren ya jagoranta, ta fara sakin wata ƙaramar rina daga Kudancin Amurka a 1981, wadda ke yin ƙwai a jikinsu. A tukunya ɗaya abin bai kai nan ba. Auduga da sifirit na sa na bi su ɗaya bayan ɗaya, na wanke ganyen da ruwan sabulu marar ƙarfi da yamma, mako-mako har sau huɗu. Na kuma sare wata tumfafiya da ta tsiro a bayan katanga, domin rawayar darɓar da ke kanta ba ta bambanta ta da hoya.

Fure

Farkon abin da ta fitar da damina ta sauka wani dogon zare ne tsirara, ba ganye ko ɗaya. Mutane da yawa kan ɗauka banza ne su yanke. A bar shi, neman abin kamawa yake yi, ganye na zuwa daga baya. Charles Darwin ya sa hoya cikin tsirrai masu naɗo da ya yi nazari a aikinsa na 1865, ya ga bakin zaren na kewayawa a hankali cikin iska. Ɗalibi zai iya ganin haka da kansa a jikin yaɗiya ko wake mai yaɗo, in ya kafa tsinke ya riƙa duba inda bakin ya nufa kowace sa'a biyu.

Abu na biyu da ba a yankewa shi ne wasu gajerun sanduna masu kaushin kai da ke jikin tsohon kara, kamar busassun tsinke. Saura kaɗan in share su ranar da nake gyara. Su ne mazaunin fure. Hoya kan koma kan sandar nan dai ta yi fure shekara bayan shekara, kowane zuwa ya bar tabo, sandar ta ƙara tsawo kaɗan. Wanda ya yanke su ya jawo wa kansa jiran da ba dalili. Biyu ne suka tsira a karan da ya rage, kuma da na dubi tabon da ke jikinsu na san furannin da muka gani muna 'yan aji huɗu daga irin waɗannan sanduna suka fito.

A damina ta biyu ɗaya daga cikinsu ta kumbura. Bayan 'yan makonni ta buɗe dunƙulen fure ashirin da uku, kowanne tauraro mai kusurwa biyar, fari da ɗan ja-ja, da wani ƙaramin tauraro mai sheƙi a tsakiyarsa. Da rana ba ƙamshi sosai. Bayan isha'i kuwa sai ya cika tsakar gida, ruwan zaƙi na ɗiga daga kowane fure. A 2017 masana a Japan sun ba da rahoton cewa wani babban faɗa-wuta, watau malam-buɗe-littafin dare, shi ke yi mata barbara a can, yana ɗaukar garin namiji a ƙafafunsa.

Yadda ake ɗaukar garin nan shi ne babbar shaidar zumuntar da na fara magana a kai, kuma ba sai an nemo hoya za a gan shi ba. A tsinko furen tumfafiya, a kiyaye ido daga nononta, a duba tsakiyarsa da gilashin ƙara girma. Za a ga faifai mai kusurwa biyar, da ɗan baƙin ɗigo a kowace kusurwa. A sa bakin allura a ƙarƙashin ɗigon a ɗaga a hankali. Wasu 'yan jakunkuna biyu rawaya za su biyo shi, rataye dama da hagu kamar mangala a bayan jaki. Garin namijin furen ke nan gaba ɗaya, a ƙunshe, ba a warwatse kamar na gero ko masara ba. Ƙafar ƙwaro kan zame cikin tsagar da ke ƙarƙashin ɗigon, in ya fizge sai ya tashi da mangalar zuwa wani furen. Da na gwada allurar a furen hoya, abin da ya fito ke nan, sai dai ya fi ƙanƙanta. Ban san wani darasin barbarar tsirrai da ya fi wannan araha ba, ga tumfafiya a bayan kowane aji daga Rabah har Goronyo.

Cikin rassa ukun da suka kama, na ba wata makarantar sakandare ɗaya, na riƙe ɗaya, na mayar da na ukun Giyawa tare da hoton furen a waya. Inna ta daɗe tana duban hoton, sa'an nan ta sa aka ajiye tukunyar kusa da randa, inda inuwa take. Da na koma bayan sallar layya na tarar da sababbin ganye huɗu, an kuma kewaye tukunyar da ƙayar magarya, don akuyar gidan ta riga ta cinye na biyar.